Amalanken da Ya Mai da Inna Gona

Mu a gidanmu ba mu iya zaman ɗaki ba. Tun da aka kawo ni gidan, a wani ƙauye tsakanin Sae Sabuwa da Cadakori, na tarar da mutanen da gari na wayewa ƙafarsu ke ƙaiƙayi. Da damina muna gona, da kaka muna jigilar damman hatsi da harawa, da rani kuwa in ba mu tafi yankan kaba a gulbi ba, to muna kai taki jigawa, yara na biye suna tsintar aduwa da magarya. Ni da na zo da son inuwa, ban daɗe ba na koma irinsu, har in na yini a gida sai in ji kamar ba ni da lafiya.

Wadda ta sa wa gidan wannan hali ita ce uwar mijina, wadda duk muke kira Inna. Gonarmu ta gandu tana da nisa, can bayan burtalin makiyaya, kuma tun tana amarya da ƙafa take zuwa. Ranar shuka ita ke jefa iri a ramin farko, sannan kowa ya bi. Sai wata shekara gwiwarta ta ƙi. Ruwan shuka ya sauka, muka fita da sungumi da ƙwaryar iri, muka bar ta zaune a bakin ƙofa. Da muka dawo da yamma, furar da na dama mata tana nan yadda na ajiye ta. Duk daminar nan ba ta yi ƙorafi ba, amma ta rame, ta rage magana, in jikoki sun kawo mata labarin hatsi ya fid da kai sai ta ce madalla ta kau da fuska. Na ji tsoro ƙwarai. Na san in aka sake shuka ba ita, ba gwiwa kaɗai za mu yi jinya ba.

Allah ya sa kakar ta yi kyau, aya ta yi daraja a kasuwa, muka ga za mu iya sayen abin hawa. Maigida kuwa ya daɗe da ciwon babur a ransa. Duk sa'o'insa sun saya, in ɗaya ya wuce ƙofar gida sai ya bi shi da ido har ya ɓace. Wata rana muna sussukar wake ya ce da ni:

"Wanga karon sai babur. Kahin rana ta yi zahi na aje Inna a gona, in dawo in ɗauke ki."

Na ce, "Yaran hwa? Takin hwa? Damman kuma bisa kanka za ka ɗoro su?"

Ya ce duk wannan mai sauƙi ne, ana sawu-sawu.

Na ce, "To na ji. Inna in ta hau, mi za ta riƙe?"

Ya ce, "Kahwaɗata mana."

Dariya ta kama ni har na saki taɓarya. Maigida shi ne ɗan farin Inna, sauran ƴaƴanta duk mata ne suna gidajen aurensu. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, wancan take ce masa. Ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, sai dai ta ajiye ya ɗauka. In tana da magana da shi, ni take gaya wa ko da yana tsaye a wurin. Wannan kunyar ya tashi a cikinta, ya san ta kamar yunwar cikinsa, amma son babur ya rufe masa ido. Matar da ba ta haɗa ido da kai ce za ta manne a bayanka ta dafa kafaɗarka, ku ratsa gari ana kallo?

Ya ce zamani ya sauya, lalura kuma ba ruwanta da kunya. Na ce gani ya kori ji. Washegari ya aro babur ɗin abokinsa, ya goge shi tas, ya ninke zane ya shimfiɗa a mazaunin baya, ya ce in shiga in gaya wa Inna ta zo a gwada. Ta fito tana dogara sanda. Ta dubi babur ɗin daga gaba har baya, sannan ta mai da ido ga katanga ta ce da ni, "Ki ce ma wancan na gode. Ni gida ya ishe ni." Ta juya ta koma ciki. Ya daɗe tsaye, injin na ta kuka shi kaɗai. Ranar ban yi masa dariya ba, tausayi ya ba ni.

Daga nan ya koma zancen keke mai ƙafa uku, wai yana da fili a baya, kowa da wurin zamansa. Na so abin ni ma. Amma ranar kasuwar Cadakori muka tarar da ɗaya ya kafe a rairayi, fasinjoji sun sauka suna turawa, har da wata mai goyo. Hanyar gonarmu kuwa ta fi wannan rairayi nesa ba kusa ba. Muka wuce, sai ga mu a rumfar mai walda, inda amalanke ke jere.

A nan ma sai da muka yi gardama. Shi yana son na jaki don ya fi sauri, ni na ce jaki in ya fara sassarfa sai ya kwance wa Inna ɗayar gwiwar. Muna da sa mai sanyin hali a hannun wani dattijon Bafulatani da ke yi mana kiwo, na ce shi za a dawo da shi a hora. Maigida ya zaɓi amalanke mai faɗi da tayoyin mota. Na duba tsayinsa na ga Inna ba za ta iya hawa ba sai an ɗaga ta, kuma na san wanda ba za ta yarda ya ɗaga ta ba. Na roƙi mai walda ya liƙa mana matakala ta ƙarfe daga baya, ƙasa-ƙasa, da abin riƙewa a gefe.

Abokan maigida suka samu abin yi. In ya wuce majalisa sai su ce, "Mai babur mai cin harawa, a sauka lahiya!" Shi kuma ya ce su jira ranar da mai zai yi wuya. Duk ranin nan san yana koyon aiki. Muka kai taki fiye da kowace shekara, muka ɗebo ruwa da kaba da itace, yara suna bisa suna waƙa, har maƙwabta suka fara aro. Ni dai na samu abin da nake so. Amma Inna ba ta taɓa ko duban amalanken ba, kuma ba mu san abin da ke ranta ba.

Da ruwan shuka ya sauka, na fito da safe in ɗaura iri, sai na tarar da ita a tsakar gida ta yafa mayafinta, sanda a hannu. Na ɗora irin bisa amalanke. Na kama hannunta ta taka matakalar, ta zauna a can ƙarshen amalanke tana duban baya. Na jera yaran a tsakiya, maigida ya zauna gaba da igiya a hannu, uwa da ɗa kowa ya ba wa ɗan'uwansa baya. Masu babur suna ta wuce mu suna ɗaga hannu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma mun daɗe ɗin, don mun iske maƙwabtan gona sun yi nisa da aiki. Inna kuwa tun daga burtali bakinta ya buɗe, tana nuna wa jikoki gonar wane da gawon da ta sha hutawa a ƙarƙashinsa.

Da muka isa na sauko da ita. Na ɗauka wurin ƙwaryar iri za ta nufa, sai na ga ta dogara ta zagaya gaban amalanke, inda maigida ke durƙushe yana kwance san. Ta dafa wuyan dabbar tana shafawa, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Sannu da aiki, bawan Allah. Ka hwaɗa ma mai kai, Allah shi yi mashi albarka, shi ba shi masu yi mashi haka."

Maigida bai ɗago kai ba. Igiyar ta riga ta kwance, amma yana ta juya ta a hannu. Can na ji ya ce amin a hankali, ya share fuska da hannun riga, ya ɗauki sungumi ya je ya sara mata ramin farko.