Takardar da Na Zare Daga Motar Bature

Abubuwa da yawa sun shige mini yanzu da tsufa ya zo, amma kakar da mota ta fara zagaya ƙasar Illela ba za ta taɓa fita daga raina ba. Jikokina kan kawo mini littattafan soyayya na kasuwa, nakan karanta har in share ƙwalla, sai dai ban ga wanda ya kai nawa labarin ciwo ba.

Lokacin ina saurayi, an sa ranar aurena da wata yarinya 'yar Kalmalo, sai an gama shigar da gero. Sai ga wani Bature ya sauka a bariki da matarsa, wai yana hutawa bayan zazzaɓi. Kullum da la'asar sukan fita yawo a mota, direbansu wani dattijo Bazazzagi mai fara'a. Da yake na san kowane burtali saboda fatauci da mahaifina zuwa Ƙwanni, mai gari ya ce ni zan zauna gaba in riƙa nuna hanya.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. An yanke gero, dammuna jere a gonaki, ciyawa ta yi ruwan zuma, tafkin Kalmalo cike da tsuntsaye, can arewa ga duwatsu sun yi shuɗi-shuɗi. A nan aka haife ni, amma sai a cikin motar nan na fara ganin ƙasarmu tana da kyau. Duk tudun da muka hau, matar sai ta sa a tsaya, ta daɗe tana kallo, ta buɗe wani babban littafi ta yi ta zane.

Zanen nan shi ya tayar da hankalin gari. A wurinmu mutum ba ya fita don kallo kawai. Ko gona za shi, ko kasuwa, ko gaisuwa. Nan da nan magana ta bazu cewa iyaka za a matsar, Kalmalo ta koma hannun Faransa, inda muke jin ana kwashe maza aikin dole. Na tambayi direban, ya yi dariya ya ce kallo ne kurum. Dariyar ma sai ta ƙara mini zargi.

Ranar kasuwa surukina ya tare ni, ko gaisuwata bai amsa sosai ba.

“Kai ka nuna musu hanya, ko? To ka kawo min takardar in ga mi ad ciki. In ba haka ba, ka nemi mata can Illela.”

Kwana biyu ina juya maganar. Rana ta uku muka tsaya bakin tafki, Turawan suka taka ƙasa, direba ya buɗe gaban mota yana zuba mata ruwa. Na zare takarda ɗaya daga littafin, na cusa a cikin riga. Har muka koma ji nake kamar garwashi na ɗauka.

Washegari da hantsi na kai ta Kalmalo. Surukina ya kira liman da dattawa biyu, suka shimfiɗa ta a kan tabarma, suka juya ta sama da ƙasa suna neman layin iyaka. Babu layi, babu rubutu. Tafki ne, da kuka, da dammunan gero, da wata yarinya ɗauke da ƙwarya tana waiwaye. Har ɗan karkata wuyan da budurwata takan yi yana nan.

Surukina ya nuna yarinyar da yatsa ya ce, “Wagga ai ɗiyata ta.”

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe sabon tsoro ne ya shigo. Suka ce wanda ya riƙe kamannin mutum ya riƙe kurwarsa, kuma Turawa ƙetare teku za su yi da ita. Na roƙa a bar ni in mayar, ko in ajiye a wurina. Ina kallo aka sa ta a murhu.

Da na koma bariki, na tarar an riga an ɗora wa direban laifin ɓatan takardar, tunda shi ke tsaron motar. Aka sallame shi a take. Ya ɗaure 'yan kayansa zai kama hanyar Sakkwato a ƙasa, ya tsaya gabana. Ya gan ni ranar da na zare takardar, na tabbata ya gan ni.

“Ɗana, ka gaishe da amarya,” abin da ya ce ke nan.

Na bar shi ya tafi da laifina a kansa. Iyaka ba ta matsa ko taki ɗaya ba, aka ɗaura aurena a ranar da aka sa. Mun yi zaman shekaru masu yawa da ita kafin Allah ya karɓi abarsa, kuma yau ba ni da komai da zan nuna wa jikokinmu yadda take tana budurwa.

Abin da na koya shi ne, zargi ba ya ƙoshi. In ka kawo masa hujja, wata ƙofa yake buɗewa. Ni ya ci mini takarda, wani bawan Allah kuwa ya ci masa abincinsa. Har gobe in na yi wa matata addu'a, sai na haɗa da Bazazzagin nan.