Mun Rasa Baba a Tasha

Ina aji biyu a sakandare lokacin da Turanci ya fara yi min kumfa a baki. Duk abin da aka faɗa a gidanmu na Lafia sai na juya shi, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba.

Yayana yana kwalejin horon malamai a Jos, yana tsakiyar jarrabawarsa ta ƙarshe. Ya aiko wa Baba maganin ido. Ran Juma'a ni da Inna muka bi Baba da shi tasha, muka tarar motar Agyaragu ta tashi, ya tafi saro doya.

Inna ta ce, "Rubuta wa yayanki, ki ce mun rasa Baba a tasha ran Juma'a. Da Hausa, kin ji?"

Ban ji ba. A kaina miss da lose duk rasa ne, sai na ɗauki wanda ya fi min daɗin rubutu: We lost Baba on Friday at the motor park. Har na ja layi a ƙasa don ado, na ba wani direban motar Jos.

Kwana biyu sai ga Yaya, ido jajir, ko jaka babu. Ya tarar da Baba a zaure yana cin gyaɗa. Sai Yaya ya zube ƙasa. Maƙwabta suka yi ta dariya, ni kuwa na shige bayan randa. A ranar ya koya min bambancin: wanda ka yi miss ɗinsa saɓani kuka yi, wanda ka yi lose ɗinsa kuwa ya tafi ke nan. Bai zage ni ba, kuma wannan ya fi min ciwo.

Kafin ya koma an yi takardu uku na jarrabawar babu shi. Bai sake zama jarrabawar ba, ya kama aikin shago a can. Ni ce na zama malamar Turanci, kuma har gobe kunyar haka nake ji.

Bayan shekara goma sha huɗu Baba ya rasu. Na rubuta wa Yaya we lost Baba, wannan karon kalmar daidai take. Aka yi sadakar uku babu shi, sai rana ta biyar ya iso. Na ce, "Yaya, ba ka ga takardata ba?"

Ya ce, "Na gani. Na ɗauka Turancinki ne kuma."