Sai Na Nuna wa Malamata Kuskurenta

Shekarata ta farko a jami'a a Bloomsbury, ina karanta siyasar Turai, saura ƙiris hadda ta kore ni daga London.

Mu a gida abin da malami ya faɗa shi ake mayar masa, kuma yadda ya faɗe shi. Da aka ba mu aikin rubuta essay kan dalilin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, sai na zauna na zuba wa malamarmu laccocinta daga kaina, ko waƙafi ban tsallake ba. Wallahi har ina jin kaina.

Sai ga saƙo, wai an yi flagging aikina, satar rubutu. Ni ɓarawo? A ofishinta na sunkuyar da kai na karanto mata shafi guda da ka, don ta san ba kwafa na yi ba. Ta ce ta yarda, amma maganarta ta riga ta san ta, tawa take nema. Ta ba ni mako biyu in sake, kuma dole in nuna inda ta yi kuskure. In na faɗi, kwas ya tafi, biza ta bi shi.

Kwana tara ina zaman laburare, layi ɗaya ya gagara. Tsoro nake ji sosai, ina hango kaina a filin jirgin Kano da akwati ba takarda, Baba ya gama gaya wa unguwa ɗansa na karatu a Ingila.

A flat ɗin Kawuna nake zaune a Edmonton, arewacin London. Da na gaya masa, ya ajiye cokali.

"Ka ƙaryata malamarka? Subhanallahi! Me ma ta ce?"

"Wai ƙin baƙi ne ya sa mutane suka zaɓi fita."

"Kai, yaro, ni ma fita na zaɓa! Shekara nawa ina neman a bar matata ta zo, su kuwa na Turai sai dai su hau jirgi kawai?"

Ga kuskuren nan zaune a gabana yana cin tuwo.

Na rubuta, duk sakin layi sai na ji kamar na ɗaga wa mahaifiyata murya. Na yi submitting ranar ƙarshe, na shiga banɗakin laburare na yi kuka.

Da sakamako ya fito, da ƙyar na haye. A gefen takardar malamar ta ja layi a wurare huɗu, duk inda na ba ta haƙuri a cikin rubutun, ta rubuta cewa nan ne na zubar da maki.