Jinka Ɗaya a Tsakiyar Kwano

Jiya da hantsi wani mai keke ya wuce ta ƙofar gidanmu da damin shuci a bayansa, iska ta kwaso mini ƙanshin har inda nake zaune. Kai da ka tashi a ƙarƙashin kwano ba lallai ka san wannan ƙanshi ba. Ƙanshin ciyawa ne da rana ta gasa har ta gaji. Ni kuwa ina shaƙarsa sai na ga kakata tsaye a tsakar gida, hannu a ƙugu, ta ɗaga kai tana auna hadari.

A zangon Sokode na tashi, zamanin da ƙasar ke hannun Faransa. Gidanmu gidan fatake ne. A koro shanu daga arewa har Bilita, inda hanyar jirgin ƙasa ta ƙare, a komo da goro da gishiri da atamfa. Baffana, yayan mahaifina, shi ake kira mai gida, amma kowa ya san inda maganar gidan take ƙarewa, wato bakin ƙofar kaka.

Kaka ba ta san lissafin shekarun Nasara ba, ba ta kuma nemi sani ba. Da bazara take ƙirga zamani. In ka tambaye ta yaushe aka haifi wane, sai ta ce bazarar da rijiyar masallaci ta ƙafe. Ta kan ce da sanyi mutane na ƙudundune, da damina suna gona, bazara ce kaɗai duniya ke samun sukunin yin abin da za a tuna. Ina yi mata dariya a lokacin. Yanzu da na waiwaya, kusan duk wani babban abu da ya same mu, a cikin zafin nan ya zo, mangwaro na nuna, ɗorawa na zuba.

Bazara kuma ita ce lokacin baibaya. Kafin ruwan farko kowane namiji zai sauke bunun ɗakinsa, wato tsohuwar ciyawar da ta yi baƙi, ya yanta sabon shuci da igiya, ya hau ya lulluɓe jinka. Wanda ya yi tafiya, ɗan'uwansa ke yi masa. Wanda ya rasu kuwa, ba a taɓa ɗakinsa. A bar shi damina ta ci, daga baya a gina wani abu a wurin. Saboda haka baƙo ma in ya shigo gida a ƙarshen bazara, da kallon jinkaye zai gane wa ake jira, wa aka sallama.

Ɗakin mahaifina na kusa da rijiya. Ban san fuskarsa ba, ina goye ya tafi. Ƙasarmu amana ce a hannun Faransa, ba a kama mutum soja dole, shi ya kai kansa. Ya je Dapango sayen shanu, garin da yanzu ake rubutawa Dapaong, ya haɗu da samari masu ƙetara iyaka su shiga yaƙin Turawa, ya aiko da shanun, shi ya bi su. Auta ne, kuma ka san auta da kunnen ƙashi. Tun daga nan kowace bazara baffa ke hawa ɗakuna biyu, nasa da na ƙaninsa.

Bazarar da yaƙin ya ƙare ina iya tuna ta sarai. Muna wanki a bakin rijiya muka ji ƙararrawa, sai ganga daga unguwar Kotokoli, sai ga 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, an jera su suna tafiya da ƙananan tutoci zuwa ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin garin, gumi na tsiyaya a wuyansu. Mai shela ya bi zango yana cewa Jamus ta faɗi. Kaka ba ta yi guɗa ba. Ta aika aka ƙaro shuci, ta sa baffa ya ninka baibayar ɗakin auta, ta sa innata ta daɓe ƙasan ta shafe shi da makuba har yana sheƙi. Ni aka ba shara, na share ɗakin nan har tsintsiya ta gaji da ni.

Sojoji suka riƙa dawowa kaɗan-kaɗan. Manyan motocin kaya da ake kira kamiyo kan tsaya a tasha da su, sanye da manyan takalma da jar hula, su sha ruwa su wuce arewa. Damina ta zo ta wuce, sanyi ya zo ya wuce, namu bai sauko daga kowace mota ba.

Da bazara ta kewayo, baffa ya tsaya a ƙofar kaka yana sosa ƙeya.

"Iya, ɗakin nan fa. Goro ba shi da wurin ajiya, ga ɗaki na zaune."

Kaka ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ci gaba da tsince wake, ta ce wa tasar da ke gabanta, "A gaya wa mai goro, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Har ya zo ya faɗa, a rufe ko'ina."

Baffa ya hau, yana ƙunƙuni.

A wannan bazarar ne wani mahauci ya kawo labarin cewa akwai tsohon soja a Dapango da suka tafi tare da mahaifina. Kaka ta ɗaura zane ta ce za ta. Aka ce hanya da nisa, ga zafi, ta ce ba a kanta zafi ya fara ba. Ta ɗauke ni don in riƙe mata buta. Mun hau saman buhunan gishiri, mota na hawa duwatsu tana nishi, ƙasa na ƙara ja, itatuwa na ƙara gajarta, har muka fara ganin kuka tsirara ba ganye. Zafin Sokode wasa ne a kan na can. Ruwan buta kansa ya zama kamar na shayi.

Mun same shi ranar kasuwa a ƙarƙashin wata kaɗanya, yana tsaron awakin wani. Ɗan ƙabilar Moba ne, dogo, hannun rigarsa ɗaya a naɗe ba kowa a ciki. Hausar kasuwa yake ji. Da kaka ta faɗi ko ita wace ce, ya miƙe ya ba ta kujerarsa.

"Mama, ka zauna. Ka zo daga nesa." Ya dube ni. "Wannan yaro nasa ne?"

Na ji haushin an ce mini yaro. Kaka ta miƙo mini buta ta ce in je bakin rijiyar kasuwa in cika, kada in yi sauri in zubar. Da na dawo sun gama magana. Shi yana kallon awaki, ita tana gyara ɗaurin kallabi, ta kwance ta sake ɗaurawa.

Daga nan ta nufi wurin mai masa, ta ce a juye mata duk abin da ke cikin tanda da wanda ke cikin ƙwarya. Ta kira yaran kasuwa ta bi su ɗaya-ɗaya tana ba su. Ni ma ta ba ni, har da ƙari. Na yi mamaki, don kaka mace ce da ke ƙirga ƙwayar daddawa kafin ta jefa a miya. Na ci na lashe hannu. A mota na tambaye ta me sojan ya ce. Ta ce, "Ya ce hanya da nisa."

Da muka koma, innata ta tafi wurin iyayenta a Ajengire, aka ce jinya. Ta daɗe, daga baya na ji ta yi wani aure, ni aka bar ni wurin kaka. Baffa kuma bai sake maganar goro ba. Bazara na yi, tun kafin a tuna masa yake sauke bunun ɗakin auta.

Haka bazarori suka yi ta zuwa da kayansu. Akwai wadda wani ɗan kasuwa ya dawo daga Kumasi da garmaho, aka cika ƙofar shagonsa ana leƙa ƙahon a ga mai waƙar. Kaka ta saurara ta ce ko wane ne a ciki, mura na damunsa. Akwai wadda rediyo ya shigo zango, dattawa suka koma yin hirar la'asar a gindinsa, suna gardama da shi kamar yana jin su. Ni dai duk abin da ya zo, abu ɗaya nake dubawa. In na ga baffa a kan jinkar nan, sai hankalina ya kwanta. In yara suka tambaye ni ina babana, in ce ya yi tafiya, in nuna musu ɗakinsa. Ba wanda ya taɓa musa mini. Da na girma zuciyata ta fara raya mini wani abu, amma zargi daban, ji da kunne daban.

Bazarar babbar ƙuri'a, wadda aka turo baƙi daga ƙasashen waje su sa ido, ina ɗakin aure a unguwar da ke bayanmu. Mata ma mun yi layi cikin rana mun jefa. A shekarar nan shanu sun yi wa baffa albarka, ya sayo kwano daga Bilita zai rufe gidan duka. Na zo kallo, kafinta ya jingina tsani a ɗakin mahaifina. Kaka ta fito da sandarta.

"Banda wannan."

"Iya, kwanon tol ne fa. An huta da baibaya ke nan."

"Da ciyawa ya bar shi. In ya zo ya ga gida duk ya yi fari, ta ina zai gane ƙofarsa?"

Baffa ya dube ta, ya juyo ya dube ni, ya ce wa kafinta ya ɗauke tsaninsa. Gidan ya zama kwano ko'ina yana walƙiya, sai jinka ɗaya a tsakiya. Masu wucewa kan ɗaga kai su kalla, su yi gaba.

Bazarar 'yancin kai kaka na kwance. Ranar da aka sauke tutar Faransa gari ya cika da badujala, ana ta wucewa ta bayan gida, ni ina zaune ina yi mata fifita, ɗana na barci a cinyata. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "'Yar nan, kin tuna masar Dapango?"

Na ce na tuna, ban taɓa cin mai daɗinta ba.

"Sadakar ubanki ce. Sojan nan da hannunsa ya zuba masa ƙasa."

Maficin ya tsaya a hannuna. Na ce, "Kaka, to baibayar fa? Duk shekarun nan?"

"Liman ya sani, uwarki ta yi takabarta, duk zango ya sani. Amma muddin ɗakin na sanye da sabuwar ciyawa, wa ke da bakin da zai ce miki marainiya? Na ga yadda ake kallon maraya, ana ba shi abu da tausayi har ya saba sunkuyar da kai. Na so ki tashi da kanki a sama. Yanzu ga naki a cinya, kin iya ɗauka."

Na yi kuka a ranar, waje ana murna. Kukan rashin uba ne da ya makara, da kuma wani abu mai kama da haushi, don ni kaɗai aka bari a baya. Haushin bai kai damina ba ya wuce. Ita ma ba ta kai ba.

Bisa al'ada ɗakuna biyu ya kamata a bar wa ruwa a shekarar da ta biyo. Na kaka kwano ne, ba abin da ruwa zai yi masa. Na mahaifina kuwa, ana fara zafi na zo gida na tarar baffa ya jingina tsani, gemunsa fari fat. Na ce, "Baffa, na sani fa." Ya ce, "Na san kin sani. Riƙe mini tsanin."

Yau zango ya zama siminti da bene, masu iya yanta shuci sun yi ƙaranci, sai an aika har wajen Tanjuware kafin a samo wanda hannunsa ya saba. Jikokina na da kalanda a waya, suna gaya mini ranar da aka yi kaza da ranar da aka yi kaza, kuma ba su yi ƙarya ba. Sun ce ɗakin nan ya tsufa, a rushe a yi shago. Na ce su jira ɗan lokaci kaɗan, ba da yawa ba. Bazarar da suka ga ba a sauke bunu ba, ba sai an gaya musu komai ba.

Mai keken jiya ban bar shi ya yi nisa ba. Na aika yarinya ta kira shi, damin yana nan jingine a bakin rijiya.