Suda Ta Amsa Maka, Ja'afaru

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 2025, da hantsi, Wanda ya ba mu aron Malam Ja'afaru Lawan ya karɓi abinSa. Daga gare Shi muka fito, gare Shi kuma za mu koma. Ya cika a gidansa da ke Badarawa, a nan Kaduna, matarsa Hajiya Harira tana riƙe da hannunsa, aka yi masa sutura bayan azahar. Ni ne Hamisu, taubashinsa: uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Tun muna yara muke tsokanar juna, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Don haka wanda ya ci karo da dariya a wannan rubutu ya yi mini uzuri. Ban iya yi wa Ja'afaru magana ta wata hanya ba, kuma ba yau zan koya ba.

Ja'afaru, ni na sa maka suna Suda, sunan tsuntsuwar nan da ba ta gajiya da surutu, kuma wallahi ka ci sunanka. In ka tare mutum a bakin masallaci bayan la'asar, sai dai kiran magariba ya ƙwace shi. Bautar ƙasa ce ta jefa ka Serti, a tsohuwar jihar Gongola. Ka tafi kana mita wai an kai ka ƙarshen duniya, ka dawo da ciwon da bai sake ka ba har ka bar duniya, wato son daji. Ka yi aikinka a ma'aikatar ilimi har ka yi ritaya, ba wanda ya taɓa kawo ƙararka. Amma abokan aikinka in sun sami hutu sai gona ko gini, kai kuwa sai ka rataya madubin hangen nesa a wuya ka nufi gandun daji. Gashaka, Yankari, kurmin Kagoro, da Kamuku tun hanyar tana biyuwa, duk ka taka su da ƙafarka.

Ba zan manta ranar da ka fara ja na Yankari ba. Ka ce mini yawon buɗe ido za mu, ni kuwa na ɗauka irin na mutane ne. Na zuba babbar rigar shadda, na kafa hula, na feshe jikina da turare. Kana kallona ba ka ce uffan ba, mugu. Sai da ƙudan zuma suka raka ni har mota sannan ka ce ai ka manta ba ka gaya mini ba a sa turare a daji. Da rana kuma gwaggon biri ya fizge ledar dambun naman da matata ta yi mini guzuri, ya zauna a gabana yana ci yana kallona ido cikin ido. Shekaru kana ba da labarin nan a kowane biki da suna, kowane karo kuma birin yana ƙara girma.

Ba ka iya cin daɗi kai kaɗai ba, shi ne halinka. Duk hutun ƙarshen zango sai ka nemo bas ka cika ta da mutanen unguwa. Ba manyan ma'aikata kake nema ba. Mai shayin bakin layinku, da masu turin ruwa 'yan Zamfara, da tsofaffin da suka yi ritaya suka rasa abin yi sai zaman benci, su kake bi gida-gida. Kakan ce mutum ya shekara ashirin a Kaduna bai san komai ba sai hayaƙin Kawo, ai an cuce shi. Na ga dattijo mai furfura ya tsaya a gindin wata bishiya a kurmin Kagoro, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, yana ta tasbihi. Dokokinka ba su da yawa: kada a yar da leda, kada a jefi komai, kada a karya reshe don wasa. Wanda ya yar da ledar ruwa kuwa, ba za ka yi masa faɗa ba, sai ka sunkuya ka ɗauka a gabansa, kunya ta ishe shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bakinka. Daga Kawo har ƙofar gandu ba ka barin kowa ya yi gyangyaɗi. Amma da mun sa ƙafa a ƙarƙashin itatuwa sai ka yi tsit, ka ɗaga yatsa, kowa ya kama bakinsa. Daga nan ba sauran magana sai fito. Ka tsuke leɓe ka kwaikwayi kukan tsuntsu, ka jira, can sai a ji ya amsa daga cikin ganye. Ka iya na kanari, ka iya na cilakowa, amma na suda ka fi ƙwarewa a kai. Na ce maka ai dole, 'yar'uwarka ce.

Wannan fiton shi ne kaɗai abin da ya taɓa shiga tsakaninka da Hajiya Harira. A gidan da ta tashi, yaro ya yi fito sai ya sha ranƙwashi, don an ce kiran aljanu ne kuma aikin marasa tarbiyya. Sai ga shi Allah ya haɗa ta da magidanci mai fito a banɗaki, a tsakar gida, har a kan tabarmar cin tuwo. Ta yi ƙorafi, ta yi fushi, ta kai ƙara wurina, ni kuwa na ƙara zuga ta. A ƙarshe kuka yi sulhu: fito daga gindin mangwaron ƙofar gida zuwa waje, ban da cikin gida. Daji kuwa ba ta taɓa bin ka ba. Takan ce ita ba ta ga abin da zai sa mutum da hankalinsa ya bar ɗakinsa ya tafi kallon biri ba.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da kai. Ƙafa ta tafi, hannun dama ya tafi, duk mun ce da sauƙi. Amma ya tafi da maganarka. Suda ba baki. Na zo na zauna kusa da kai na zage ka tas, irin zagin da da sai ka rama goma, ka dube ni kawai ka juya fuska bango. Nan na tsorata. Ka daina yarda a kai ka gashin ƙashi asibiti, abinci sai an yi da gaske ka karɓi cokali biyu. Likita ya ce jikinka zai iya ɗaukar shekaru, amma ni da na san ka na ga ka riga ka naɗe tabarmarka, jira kawai kake.

Da damina ta kankama na ce a ba ni kai in kai ka daji. Aziza, babbar 'yarka, ta ce, "Baba Hamisu, mutumin da ko zama ba ya iya yi da kansa? In wani abu ya same shi a hanya fa?" Gaskiyarta ce, ni ma tsoron yana raina. Na je na tambayi likita, ya ce in za a bi a hankali ba laifi. Duk da haka Aziza ta kafe. Muna cikin ja-in-ja sai Hajiya Harira ta ce, "A kai shi. Ni ma zan je."

Muka bi ta Pambeguwa da Saminaka zuwa wani ƙaramin gandun daji a gefen Jos, inda hanyar ciki take da dama-dama. An yi ruwa da safe, ganye sai ɗiga yake, ƙasa na ƙamshi. Ni da Aziza muka riƙa tura ka a keken marasa lafiya, Hajiya na biye da mu da filas ɗin kunu, tana tattare zani tana duban ƙasa don tsoron maciji. Muka ajiye ka a gindin wani ɓaure. Birai suka wuce ta samanmu suna karkaɗa rassa. Rema ta fito kan dutse shan hantsi. Malam-buɗe-littafi iri-iri suna ta shawagi a bakin rafi. Na riƙa nuna maka ina kiran sunayensu a karkace da gangan, ko za ka harzuƙa. Ko kai ba ka ɗaga ba. Aziza ta dube ni, na sunkuyar da kai, na ce a raina na wahalar da bawan Allah a banza.

Har mun fara shirin juyawa sai suda ta yi kuka daga cikin wata sarƙaƙiya a bayanmu. Na ga kanka ya motsa. Ta sake yi. Sai ka fara tattara leɓenka da ya karkace, ka hura. Iska ce kawai ta fito da yawu, Hajiya ta goge maka da gefen mayafinta. Ka sake gwadawa, ba komai. Can sai ga wata 'yar siririyar ƙara, tana rawa, amma kowa ya ji ya san kukan suda ne. Dajin ya yi shiru. Sai ta amsa maka, Ja'afaru, ta amsa sarai, har ta matso reshen da ke kusa. Ka yi dariya da rabin fuskarka, hawaye na zuba ta ɗaya rabin. Matar da ta yi shekara arba'in tana korar fito daga gidanta ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta kama gwiwarka ta ce, "Ƙara yi, Malam."

A Saminaka, kan hanyar dawowa, ka cinye tsiren da na saya wa kaina. Ban taɓa jin daɗin cuta irin ta ranar ba.

Maganarka ba ta dawo ba, amma ka dawo. Ka koma gashi, ka koma cin tuwo, gidan Badarawa ya cika da fito daga ɗaki har tsakar gida. Akwai na ruwan alwala, akwai na shayi, akwai na a fitar da kai gindin mangwaro. Hajiya ta haddace su duka. Ni kuma ka ware mini kukan cilakowa, saboda hancina, da na yi sallama sai ka saki, gida ya ɗauki dariya. Ita da kanta ta gaya mini cewa hirar da kuka yi a watannin nan ta fi ta duk shekarun da kake da baki, don a da kai kaɗai kake yi.

Bayan an tashi daga zaman makoki na koma gidan in gaishe ta. Ina tsaye a zaure sai na ji wani sauti kamar fito daga ciki, iska-iska, yana fita yana katsewa. Na tambayi Aziza wane ne. Ta share ido ta ce, "Mama ce. Ta ce gidan ya yi mata shiru." Na fasa sallamar, na zauna a dakalin ƙofa na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Harira, da Aziza da ƙannenta, da jikoki, da jama'ar Badarawa, da duk wanda ya taɓa shiga bas ɗin nan ya dawo da labari. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Ya Allah, bawanKa Ja'afaru ya so halittunKa, ya nuna wa mutane su don su girmama Ka. Ka gafarta masa, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi, Ka yalwata kabarinsa, Ka mayar masa da harshensa a wurin amsa tambaya. Ka saukar da shi a inuwar itatuwan Aljanna, inda ƙoramu ke gudana, Ka haɗa shi da Harira a can bayan ta yi tsawon rai mai albarka.

Kai kuma taubashina, in ka tarar da suda a can, don Allah ka bar ta ita ma ta sami bakin magana.