Tururuwa a Ludayi

Yau da safe tururuwa ta faɗa mini a shayi, sai na tuna da Gwaggo, yayar mahaifina.

A haihuwata ta fari na je wankan gida Masanawa. Kwana biyar nono bai kawo ba sai ɗigo-ɗigo. Jaririya tana kuka, ni ma ina yi. Ko ɗaukarta ba na so, kunya kuma ta hana ni faɗa. Matan gida suka matsa ɗan abin da ya fito a ludayi, suka jefa tururuwa, wai in ta mutu nonona guba ne. Ta mutu.

Gwaggo ta shigo daga wajen shanu tana ƙamshin hayaƙi da man shanu. Ta ɗebo madarar da ta tatso, ta jefa wata tururuwar. Ita ma ta mutu.

Ta ce, "To, saniyata ma mai guba ce? Nononta kuka sha da fura jiya. Ku ba mu wuri. Ko saniya in aka tsaya mata a ka, riƙe nononta take yi."

Ta dafa kafaɗata da tafinta mai kaushi. "Yi kukanki, 'yar nan. Gobe za mu asibiti a Gwarzo, ki gaya musu har abin da kike ɓoyewa."

Jaririyar nan yau ita ke jego. Duk wadda ta nufo ta da ludayi, ni za ta tarar a bakin ƙofa. Allah Ya sanyaya makwancin Gwaggo yadda ta sanyaya mini rai.