Tsamiya Biyu a Takardar Koke

Warin tawadar dangwale ya tuno mini da Baba yau, tsohon magatakardan da na yi akawu a ƙarƙashinsa a ƙaramar hukuma. Ba ya yarda manomi ya dangwala yatsa sai an karanta masa kokensa.

Lokacin da ruwan madatsar Bakolori ya ci gonaki, wani dattijo ya zo da kokensa daga Maradun, ƙafafunsa duk laka. Na gaji da layi, na rubuta "gona ɗaya" kawai.

Baba ya cire tabarau. "Ɗana, hada tsamiya biyu yac ce, da kushewar uba nai. Sake rubutawa."

Na sake, na karanta wa dattijon. Har yau ban san ko wani ya buɗe takardar ba, amma dattijon ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya hutar da shi.